Haƙorin Dijatu Ya Ji Sanyi

… wai a cire. Abin da ya kawo su ke nan, Baba Dakta, a cire. Wata goma sha huɗu ina bin haƙorin nan — sha huɗu — sai ga Malam Bubayero yau tun ƙarfe tara a bakin ƙofata, malafa a hannu, 'yarsa Dijatu a bayansa ta danne baki da gefen mayafi, yana ce mini aikin likita ya ɓaci. A cire kawai, yarinya ta huta.

Ya ɓaci ta ina? Kumburi ne? A'a. Mugunya ta dawo? Babu. To mene ne?

Ruwan randa. Wai da ta kurɓi ruwan randa sai ta yamutsa fuska ta dafe baki. Sati uku ke nan. Haƙorin nan na gaba da na yi wa aiki, wanda a da ko garwashi ka ɗora masa bai san ana yi ba… shi ne yanzu ba ya son sanyi.

Na ce wa kaina, ajiye madubin nan, Khaulat, kafin ya suɓuce miki. Ke likita ce, mutumin nan yana kallon ki. Kada ki yi murmushi — da ƙorafi ya zo, daga Bulkachuwa a kan babur cikin zafin nan, in kika yi masa murmushi yanzu zai ɗauka raini ne. Kuma ba ki san komai ba tukuna. Wataƙila na kusa da shi ne yake ji, yarinya ba ta bambance ba. Wataƙila cikon ne ya tsage. Kai ma, Baba Dakta, abin da za ka fara faɗa ke nan, na sani. Da kana nan da ka zare tabarau ka ce, hoto tukuna, Dakta ƙarama.

To. Sista Ya Gana ta tafi da ita ɗakin hoto. Minti goma sha biyar. Uban ya ƙi kujera, ya tsuguna a baranda yana juya malafar.

Sha biyar… me zan yi da minti sha biyar?

Haka ya tsuguna ranar farko ma. Shekararta goma a lokacin. Maraƙi ne ya ɗaga kai tana kwance masa igiya, ƙahon ya same ta a baki tun tana 'yar takwas. Haƙorin ya ɓantare kaɗan, aka ba ta ruwan gishiri ta kurkure, aka manta. Shekara biyu yana dushewa a hankali har ya koma ruwan toka, ga wani ƙurji a dasashi, ya fashe ya koma, ya fashe ya koma. Yaran ruga suna kiran ta mai baƙin haƙori. Ba ita ta gaya mini ba, ita ba ta magana. Uban ne, yana kallon ƙasa.

Na ɗaga hoton a taga, kana tsaye a bayana. Saiwar ba ta gama girma ba aka kashe ta. Ƙarshenta a buɗe kamar bakin algaita, bangonta siriri kamar ɓawon ƙwai, ɓargon da ke ciki — jijiya, jini, duk abin da ke sa haƙori ya kasance da rai — ya ruɓe tuntuni. Irin wannan ko ka wanke ka cike shi yadda aka koya mana a makaranta, ba abin da zai riƙe cikon, watarana za ta ciji rake ya karye daga tushe. Ka san haka, na san haka. Ka ce a kawo awartaki.

Shekara talatin da ɗaya kana cire haƙori a Azare. Ban raina ba, Allah ya sani. Hannunka… ban taɓa ganin saiwa ta karye a hannunka ba, ko sau ɗaya. Kuma hujjarka ba ta banza ba ce. Makiyaya ne, yau suna nan gobe suna Taraba, wa zai dawo miki sau shida? In ya ruɓe mata a daji fa, ina asibiti? Sai ka ɗauko labarin mutumin nan na Hardawa da aka kawo maka wuyansa ya kumbura har ƙirji saboda haƙorin turmi guda ɗaya, ya cika kafin la'asar. Sau nawa ka ba ni labarin nan? Duk ranar da na zo da sabon abu.

Amma haƙorin gaba ne, Baba Dakta. Na 'ya mace, 'yar shekara goma. Giɓin da za ta girma da shi, ta yi budurci da shi, ta tsufa da shi. Wa zai kai ta a sa mata na roba, wa zai riƙa canza mata shi tana girma? Ni na girma a Katagum, na san matan da ban taɓa ganin dariyarsu ba sai a bayan tafin hannu.

Minti shida kawai ya wuce? Agogon nan…

Alƙahira. Wata shida na yi a can, ɗakin bincike mai sanyi kamar firji, ni da safa biyu. Suka nuna mini a madubin ƙara girma — ƙwayoyin halitta da aka ciro daga haƙoran nono na yara, suna nan a ƙasan faranti suna miƙa 'yan hannuwa, suna hayayyafa. Na tsaya har aka taɓa kafaɗata aka ce akwai masu jira. Abu uku, malamar take ta nanatawa: iri, da rumfar da zai hau, da abin da zai tashe shi daga barci. In ka haɗa ukun a cikin haƙorin da ka wanke tas, jiki da kansa zai sake gina abin da ya rasa. Su tasu rumfar daga kamfani take zuwa a kwali, irin kuma a ɗakin da ba a shiga sai an rufe har gira. Na dawo Azare ba ni da ko ɗaya. Ko kuwa haka na zata. Sai da na zauna na karanta, na sake karantawa… Irin yana nan a ƙarshen saiwar yaro, a kwance, ciwon ba ya kashe shi duka. Rumfar tana cikin jininsa. Abin tashin ma a jinin yake. Injin juya jini kaɗai nake nema, shi kuwa yana ɗakin gwaji tun kafin a ɗauke ni aiki.

Ba ni na ƙirƙiro ba, ban taɓa cewa ni ce ba. An rubuta, an yi a wurare da yawa. Amma nan? Daga nan zuwa Katagum, zuwa Dambam, zuwa Misau — wa ya taɓa gwadawa?

Wata bakwai kwamitin asibiti yana juya takardata ta neman izini. Kai ka fi kowa tambaya a zaman, har na fita ina jin haushinka. Kai ne kuma ka fara sa hannu. Wannan sai daga baya na ji, a bakin Ya Gana.

Rahama… a'a, ba yanzu ba. Me ya kawo Rahama yanzu?

Ita ce ta farko. 'Yar Dambam, shekara goma sha uku, daga keke ta faɗo. Wata biyar komai lafiya, ina takawa a asibitin nan kaina a sama, sai ga ta wata Talata leɓe ya kumbura har hanci. Ƙwayoyin cuta sun sami hanya ta gefen ciko. Laifina ne. Cikon bai zauna ba, na yi sauri, akwai mutum tara a layi ranar kuma na yi sauri. Na ɗauki awartakin na kasa. Ka karɓa, minti biyu ka gama. Uwar tana ta zuba mana godiya — godiyar ce ta fi ci mini rai. Na shiga bayi na yi kukana, na wanke fuska, na fito na tarar da 'yar kwalba a teburina, haƙorin a cikin ruwan magani, da rubutunka a jiki: a aika Kano a yanka a duba. Ko "ai na gaya miki" ba ka ce ba. Da ka faɗa da ya fi mini sauƙi.

Bayan sati shida takarda ta dawo. Akwai nama mai rai a cikin saiwar, akwai sababbin hanyoyin jini, sun fara hawa kafin ciwon ya cim musu. Ya fara yi. Ya fara yi, ni na ɓata. Rahama tana can Dambam da giɓinta, tana aji uku yanzu, ranar sallah ta aiko mini da gaisuwa…

Shi ya sa da Dijatu ta zo ban ɓoye wa uban komai ba. Na gaya masa an yi wa wata bai yi ba. Na gaya masa in nata ma bai yi ba, cirewar da ake gudu ita za a yi, sai dai an ɓata masa lokaci da tafiya. Da Hausa na fara, da na ga yana gyaɗa kai irin na ladabi sai na koma Fillancin da na tsinta a wurin kakata, guntu-guntu, yana gyara mini. Na ce masa kamar duma ne, irin yana ƙasa, amma in ba a kafa masa rumfa ba ina zai hau? Ya tambaya jinin wa za a sa mata. Na ce nata. Ba na wani ba, ba na dabba ba? Nata, daga hannunta, a gabanka. Sai ya ce in 'yata ce fa? Ihsan ɗina shekararta shida a lokacin, haƙoran gabanta sun fara girgiɗa. Na ce in ita ce, haka zan yi. Ya ce sai ya shawarci uwar yarinya.

Ka ce ba zai dawo ba. Kwana uku ya dawo.

Zuwan farko wanki ne kawai, a hankali, ban kankare bangon ba don ba shi da abin kankarewa. Na zuba farin magani na rufe. Sati uku, ƙurjin ya bushe. Zuwa na biyu — wannan ranar ina iya faɗin ta minti-minti. Dijatu ta miƙo hannu ta kau da kai. Kwalba ɗaya siririya. Ya Gana ta karɓa ta fita da gudu, mace mai jiki irin nata, don in jini ya daskare kafin ya shiga inji an yi asara. Minti goma sha biyu yana juyawa. Ta dawo da shi ya rabu uku, ja a ƙasa, ruwa a sama, a tsakiya ga wani abu ruwan ɗorawa, yana rawa kamar ƙwan da bai gama dahuwa ba. Rumfar ke nan. Na ɗaga wa Malam Bubayero ya gani, ya matso, ya ce ikon Allah, a cikin jinin mutum wannan yake?

Na zura 'yar siririyar allura ta cikin haƙorin har ta wuce ƙarshen saiwa, na tsokano wurin ya yi jini, don jinin ne zai hauro da irin. Na jira. Bai zo ba. Na sake. Sai ga shi yana haurowa, ja, a cikin ramin da ya shekara biyu ba komai sai ruɓa.

Ban ji shigowarka ba. Safar hannu kawai na ji ta yi ƙara. Ka karɓi bututun tsotse miyau daga hannun Ya Gana, ka tsaya a gefen hagu, gefen mai taimako. Kai. Shugaban sashe, mai furfura, kana miƙo mini auduga. Na yanka rumfar ƙanana ina turawa ɗaya bayan ɗaya, na sa simintin haƙori a kai, na zo ciko. Minti arba'in kana tsaye, magana ɗaya ka yi mini.

"Kada ki yi sauri a nan."

Ban yi ba. Wallahi ban yi ba, na duba gefen cikon nan sau huɗu.

Da za su tafi ka bi shi har baranda ka ce masa ko yana Taraba ya dawo da ita. Bai je Taraba ba. Ka san haka? Ba na jin ka sani. Ranin nan ya haɗa shanunsa da na ƙanensa suka tafi, shi ya zauna a Bulkachuwa da 'yan tumaki, saboda haƙori guda. Mutumin da bai taɓa rani ba tare da shanunsa ba. Wata uku ya zo, wata shida ya zo, wata tara ya zo. Makiyayi ne, ba zai dawo ba — ina so in faɗa maka wannan a fuskarka, Baba Dakta, ina dariya, kai ma kana dariya…

Hoton wata uku kaɗai ka gani. Baƙin inuwar da ke ƙarshen saiwa ta ragu da rabi. Ka kalla ka kalla ka ce, hmm. Shi ke nan. Na tafi gida da hmm ɗin nan kamar an ba ni lambar yabo.

Kafin na wata shida ka faɗi. Ranar Juma'a, kana alwala. Ɓarin dama duka ya shanye, har da magana. Kujerarka tana nan, ban bari an fitar ba. Yanzu ni ce babba a sashen, kowa yana ce mini to, Dakta — to, to, to — babu mai ce mini a'a. Ashe a'a ɗin nan nake dogara da ita ban sani ba.

Ga Ya Gana. Hoton a hannunta, ɗan ƙarami, bai fi kan sarki biyu ba. Fuskarta ba ta faɗin komai, ita kullum haka take. Taga. Na farko a hagu, na yau a dama. Bismillah.

Inuwar babu. Babu ita sam, ƙashi ya cike wurin. Saiwar… ina ma'aunin? Riƙe shi daidai, Khaulat. Milimita biyu da rabi. Ta ƙara tsawo milimita biyu da rabi. Bangon ya yi kauri, bakin algaitar nan ya tsuke, saura kaɗan ya haɗe. Haƙorin da ya mutu tun tana 'yar shekara takwas ya ci gaba da girma daga inda ya tsaya.

Sake aunawa. Biyu da rabi.

Saura ƙanƙara. Ruwa ne na daskarar a murfin allura, dabararka ce, a firjin ɗakin magani. Dijatu, rufe ido. Ba zan gaya mata wanne nake taɓawa ba. Na kusa da shi na dama — ta motsa, daidai. Na goge, na jira. Na hagu — ta motsa. Na lulluɓe su biyun da auduga don kada sanyi ya tsallaka. Yanzu shi. Ɗaya… biyu… uku… ba komai… huɗu… biyar—

Ta janye kai. Ta buɗe ido ta harare ni.

"Ɗon naawa," in ji ta. Yana zafi.

Na sake, ba ta sani ba, na taɓa da busasshiyar auduga kawai. Shiru. Na mayar da ƙanƙara. Biyar, shida, ta janye. Na ɗauke, nan take ya wuce, bai bar zugi ba. Ba ciwo ba ne wannan. Ji ne.

Ya Gana ta juya baya tana gyara faranti da ba ya buƙatar gyara. Ni kuwa… bari in zauna. A Azare. A wannan ɗakin mai fanka ɗaya, da jinin yarinya da injin ɗakin gwaji da ƙanƙarar murfin allura. Ni, 'yar malamin firamare ta bakin kogi a Katagum, wadda aka ce ta karanci unguwarzoma ta huta. Alhamdu lillahi. Girman kai ne wannan? In shi ne, Allah ya yafe mini, amma yau ɗaya a bar ni da shi.

Yanzu kuma uban. Yaya zan gaya wa mutum cewa abin da ya kawo ƙara a kai shi ne abin da muke nema? Na kira shi ciki, na nuna masa hotunan biyu, ya kalla don kada in ji kunya, ba abin da ya gani. Sai na ce ya miƙo yatsa. Na ɗora ƙanƙara a kan farcensa, can ƙarshe — ka ji? A'a. Na ɗora a tsokar yatsan. Ya janye. Na ce to da haƙorin Dijatu farce ne, yanzu ya koma yatsa. Ya daɗe yana kallon yatsan nan.

"To yanzu zafin alheri ne ke nan?"

Na ce alheri ne, kuma zai ragu. Ta riƙa barin ruwan ya ɗan huce. In ya fara zugi da kansa ko ya kumbura, ko tsakiyar noma ne ya kawo ta. In ba haka ba sai bayan kaka. Ya sa malafarsa, ya cire, ya sake sawa. Ya ce shi fa da niyyar cirewa ya baro gida, uwar ma ta dama mata kunu don ba za ta iya tauna ba. Dijatu ta yi dariya — dariyar kunun — ta manta da mayafin. Haƙorin bai yi fari kamar 'yan'uwansa ba, ba zai yi ba sai na gyara masa fuska nan gaba. Amma yana nan a bakinta, a tsaye.

Sauran marasa lafiya goma sha ɗaya. Na cire uku, na cike biyar, ban san yadda na yi ba. Hotunan suna aljihun rigata, ina taɓa su kamar za su gudu.

La'asar. Hanyar gidanka, bishiyoyin maina, ƙofar nan shuɗiya. Wata biyu rabona da zuwa — me ya hana ni? Aiki, nake cewa. Ba aiki ba ne. Ba na iya ganin hannun nan a kwance a kan cinya kamar ba naka ba. Matarka Hajiya Jumai ta tarbe ni, ta ce yau ka ci abinci sosai, kana rumfa. Ta ce kana gane kowa, bakin ne kawai.

Ga ka. Ka rame. An aske maka gemu ba yadda kake so ba. Ina wuni, Baba Dakta, ya ƙarfin jiki? Ido ya amsa. Duk maganar da na jera a mota — makiyayi ya dawo, bai je Taraba ba, ka ce a kawo awartaki — ina take? Ba ko ɗaya. Na durƙusa na ce, Dijatu ce, 'yar Bulkachuwa, wata goma sha huɗu. Ta ji sanyi. Na sa maka tabarau, na sa hotunan a hannunka na hagu.

Ka ɗaga su sama, wajen hasken da ke shigowa ta gefen rumfa. Har yanzu ka san inda haske yake. Na farko. Na yau. Na farko kuma. Gefen bakinka mai motsi ya ɗan ja… murmushi ne? Ido yana ruwa, amma Hajiya ta ce idon nan kullum yana ruwa.

Ka ɗora na yau a gwiwa. Yatsa ya sauka a ƙarshen saiwa, ya tsaya. I, ta tsuke, biyu da rabi, sau biyu na auna. Sai yatsan ya gangaro… tsakiya. Ya buga sau biyu.

Me ke nan? Ba komai a nan, ramin ne kawai, baƙin layin da ɓargo yake… Bari in gani. Haske. A tsakiyar layin akwai wani ɗan fari-fari, kamar an yayyafa gari. Ramin yana ƙanƙancewa a nan fiye da sauran wurin. Wani abu mai tauri yana tsirowa a ciki — bango ne yake kauri, ko ramin ne yake toshe kansa? In ya toshe, me zai sami abin da ke ƙasa? Ana ganin haka, an rubuta, wani ya zauna lafiya shekaru, wani kuma…

Na gani. Tun safe na gani, a taga. Idona ya bi ta kai ya wuce wajen biyu da rabi, don can nake son zuwa. Kuma na ce musu sai bayan kaka.

Kai kuwa da hannu ɗaya, da ido mai ruwa, minti biyu.

Amma ta ji sanyi, Baba Dakta. Wannan ma gaskiya ne, na gwada sau biyu, ta harare ni. Saiwar ta girma. Duka gaskiya ne, ko ba haka ba?

Ba ka saki hoton ba. Ka danne shi a gwiwa da gefen hannu, ka ɗago yatsu… uku. Kana kallo na.

Uku me? Wata uku in sake hoto, kada in jira kaka? Ko na uku kake nufi — Rahama, Dijatu, in nemo na uku, in ci gaba? Leɓenka yana motsi, iska kawai ke fita. Hajiya ta leƙo da kofin ruwa ta tsaya. Yatsun suna nan a sama, ba ka sauke ba… kuma gwiwoyina sun gaji a kan tabarmar nan, tun safe ban ci komai ba, ban ma san wace amsar nake so ta zama ita ce ba…

To, Baba Dakta. To. Uku.